Yadda A Ke Zaɓen Allon Zamiya Don Wasan Gwaninta Bisa Ƙanƙara

A ƙasashen sanyi, kamar su arewacin Amurka da Kanada da Japan, da ƙasashen da ke kewaye da duwatsun Alps a Turai, in hunturu ya shigo sai dusar ƙanƙara ta sauko ta lulluɓe tuddai da duwatsu fari fat, ta zauna wata uku ko huɗu ko fiye ba ta narke ba. Wannan dusa ba irin ƙanƙarar da muka sani ba ce, wadda ta kan zubo da damina kamar tsakuwa ta narke nan da nan. Ita sa'ad da ta faɗo laushi gare ta kamar auduga, amma in aka tattake ta sai ta dage ta yi santsi ƙwarai. To, bisa wannan santsi ne mutanen can suka ƙago wasanni iri iri, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne wanda za mu yi bayaninsa yau, watau zamiya bisa allo guda, wanda Turawa ke kira sinobod.

Allon babban mutum tsawonsa ya kan kai wajen santimita 152, watau ƙafa biyar, faɗinsa a tsakiya kuwa wajen inci goma. Mai hawa ya kan ɗaure ƙafafunsa duka biyu bisa allon, ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya tana duban gangare, sa'an nan ya saki jiki ya silalo daga kan dutse. Ba sanda a hannunsa, ba linzami, ba birki. Da nauyin jikinsa kaɗai ya ke juya allon, da shi kuma ya ke tsai da shi.

Masu hawan nan ba abu guda su ke nema ba. Akwai masu tsere, waɗanda ba ruwansu da kome sai gudu. Akwai masu neman sabuwar dusa mai zurfi can cikin daji, inda ba sawun kowa. Akwai kuma masu wasan gwaninta, galibinsu samari da 'yan mata, waɗanda ke tashi sama su yi juyi da alkafura, ko su haye dogon ƙarfe su zame bisansa. Kowane rukuni da irin allonsa, kamar dai yadda dokin sukuwa dabam, dokin folo dabam, dokin hawan daba dabam. Wanda ya san doki ba zai sayi na sukuwa ya shiga filin folo da shi ba, domin can mai saurin juyawa a ke so. Haka al'amarin ya ke ga allon zamiya, sai dai kuskure a nan ba ya tsayawa ga hasarar kuɗi, har ƙashi ya kan taɓa.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga fari shi ne, babu wani hali mai kyau da maƙeri zai sa wa allo ba tare da ya rage masa wani ba. In ya ƙara masa taushi ya rage masa natsuwa. In ya ƙara masa kaifi ya ƙara masa saurin kā da mai shi. Sabo da haka zaɓen allo ya dogara ne ga mutum ya san abin da zai yi da shi, ya kuma san abin da zai iya haƙura da rashinsa.

ASALIN WASAN

Wasan ba tsoho ba ne. Ran Kirsimeti na shekarar 1965 wani mutum mai suna Sherman Poppen, a garin Muskegon na jihar Mishigan ta Amurka, ya ɗauki dogayen katakon zamiya guda biyu, irin waɗanda a ke ɗaura ɗaya a kowace ƙafa, ya haɗe su wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa. Aka sa wa abin igiya a goshi don mai hawa ya riƙe, aka raɗa masa suna Snurfer, kamfanin Brunswick kuma ya shiga ƙera shi yana sayarwa daga 1966. Abin wasan yara ne a lokacin, ba shi da maɗaurin ƙafa, mutum ya kan tsaya bisansa ne kawai har ya faɗi.

Waɗanda suka mai da shi kayan wasan manya sun biyo baya. Jake Burton Carpenter ya kafa kamfanin Burton a jihar Vermont a 1977, ya yi ta gyaran allon da maɗauransa. Can yamma kuma, a Kalifoniya, akwai Tom Sims, wanda ya saba da wasan allo mai taya bisa siminti, ya kawo tsalle-tsallen wancan wasa kan ƙanƙara. Shi ne ya shirya gasa a Soda Springs a 1983, wadda aka yi wasan rami mai bango biyu a cikinta. A 1985 kamfaninsa ya fito da allo mai sunan wani gwani, Terry Kidwell, wanda aka zagaye wutsiyarsa aka ɗaga ta sama, don mai hawa ya iya tafiya da baya. Daga nan allon gwaninta ya fara rabuwa da na tsere.

Wasan ya shiga Olamfik na hunturu a Nagano ta Japan a 1998. A Sochi ta Rasha a 2014 aka ƙara gasar bin jerin tuddai da ƙarafa, Sage Kotsenburg da Jamie Anderson, dukansu Amurkawa, suka ci zinariya ta maza da ta mata. A Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018 aka ƙara gasar tsalle guda babba.

DANDALI DA ABIN DA KE CIKINSA

Wurin da a ke wasan gwaninta shi ne za mu riƙa kira dandali. Masu kula da dutsen zamiya su kan keɓe wani yanki na gangare, su shigo da motoci masu tura ƙanƙara, su gina abubuwa iri uku.

Na fari tudun tsalle ne. Mai hawa ya kan taho da gudu ya haye shi, tudun ya cilla shi sama, ya ƙetare wani fili, ya sauka bisa gangaren da aka shirya don sauka. Na biyu ƙarafa da akwatuna ne, watau bututun ƙarfe irin na shingen matakala, da dogayen akwatuna masu santsin baya, waɗanda a ke hawa a zame daga wannan kai zuwa wancan. Na uku shi ne ramin nan mai bango biyu da muka ambata. Siffarsa kamar ta indararon soro ce, sai dai girmansa ya wuce misali, gama a wasannin Olamfik tsayin bangonsa ƙafa 22 ne. Mai wasa ya kan haye wannan bango ya tashi sama da shi, ya sauko ya nufi wancan, har ya kai ƙarshen ramin. A cikinsa ne Shaun White na Amurka ya ci zinariya sau uku, a 2006 da 2010 da 2018, Chloe Kim kuma ta ci tana da shekara 17 a 2018, ta sake ci a 2022.

Waɗannan uku, ko da ya ke a fili guda su ke, ba allo guda su ke so ba. Ƙarfe yana son allo mai taushi mara kaifi. Tudu babba yana son mai ƙarfi wanda zai jure sauka. Indararo kuwa yana son mai tauri mai kaifi, domin bangonsa daskararre ne. To, tambaya ta fari da mai saye zai yi wa kansa ita ce, a wane ɗaya daga cikin ukun nan zai fi wuni? Kada ya amsa da abin da ya ke burin yi nan da shekara biyar, ya amsa da abin da zai yi a hunturun bana.

ALLO MAI KAI BIYU

Allon tsere da na daji suna da goshi da wutsiya, goshin ya fi tsawo, mai hawa kuma ya kan tsaya kusa da baya kaɗan. Allon dandali kuwa kai biyu gare shi iri ɗaya, in ka juya shi ba za ka bambanta gaba da baya ba, ramukan da a ke ɗaure ƙafa kuma suna tsakiya daidai.

Malaman lissafi za su gane dalilin haka nan da nan. Zagaye cikakke digiri 360 ne. In mai wasa ya tashi sama ya juya 360, ko 720, ko 1080, zai sauko kamar yadda ya tashi, ƙafar da ke gaba tana nan gaba. Amma in ya juya 180, ko 540, ko 900, to, wutsiya ce za ta koma goshi, ƙafar baya ta koma gaba, kuma a haka zai ci gaba da gudu. Ke nan wajen rabin juye-juyen da a ke yi a dandali da baya a ke sauka. In kan allo ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko tauri, sai mutum ya ji kamar an musanya masa allo yana sama, ga shi kuwa ba lokacin sabawa da baƙon abu ba ne.

Abin da mai kai biyu ya rasa shi ne iya tafiya cikin dusa mai zurfi. Tun da ya ke mai hawa yana tsakiya, goshin ya kan nutse, sai ya yi ta danna ƙafar baya har cinyarsa ta gaji. Sabo da wannan maƙera suna yin wani iri tsaka-tsaki, wanda siffarsa ta kai biyu ce amma an ja wurin tsayawa baya kaɗan. Shi ya fi dacewa da wanda zai shiga dandali da safe ya fita yawon dutse da la'asar.

TAUSHI DA TAURI

Cikin allo itace ne, sillaye na itatuwa marasa nauyi da aka manne, wani lokaci a haɗa da gora. A kan rufe itacen sama da ƙasa da zaren gilas, a shimfiɗa roba mai santsi a ƙarƙashi, a kewaye bakin da siririn ƙarfe. Kaurin itacen da yadda aka saƙa zaren su ke sa allo ya yi taushi ko tauri. Galibin maƙera su kan ba allo lamba daga 1 zuwa 10, ɗaya mafi taushi, goma mafi tauri. Amma fa a lura, ba wani ma'auni guda da suka haɗu a kansa, biyar ta wannan kamfani tana iya zama shida ta wancan. Don haka mai saye ya kan tsai da allon bisa wutsiyarsa, ya riƙe goshin da hannu ɗaya, ya danna tsakiya da ɗayan, ya ji da kansa.

Mai wasa bisa ƙarfe allo mai taushi ya ke nema, wajen lamba 2 zuwa 4. Ɗaya daga cikin gwanintarsu ita ce mutum ya jingina nauyinsa bisa kai ɗaya na allon har ɗaya kan ya ɗaga sama, ya zame a haka, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai allon ya yarda ya lanƙwasa. Har wa yau mai taushi yana yafe kuskure, in ƙafa ta ɗan goce ba ya ramawa nan take. Amma a kai shi babban tudu a gani. Da gudu ya yi yawa sai ya shiga kaɗawa, in kuma aka sauko da nauyi bisa wutsiya sai ya lanƙwashe ya zame daga ƙarƙashin mai shi.

Mai tsallen tudu ya kan tsaya wajen 4 zuwa 6. Mai shiga indararo ya kan haura zuwa 7 ko 8, domin yana bukatar allon da zai riƙe bango da gudu ba tare da ya yi rawa ba. A wasannin Beijing na 2022 Ayumu Hirano na Japan ya ci zinariya da wani tsalle mai alkafura uku, wanda a ke lissafa juyinsa digiri 1440, watau zagaye huɗu. Irin allon da ke ɗaukar wannan aiki, in aka ba ɗan koyo, ba zai iya lanƙwasa shi ba ma balle ya juya shi, allon ne zai riƙa tafiya da shi inda ya ga dama. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

DORO KO CIKIN KWALEKWALE

In ka ajiye allo bisa daɓe ka durƙusa ka dube shi ta gefe, za ka ga ɗaya daga cikin siffofi huɗu.

Na fari mai doro ne, tsakiyarsa ta ɗaga sama kamar baka, yana taɓa ƙasa kusa da kawunansa biyu. In mutum ya hau sai doron ya kwanta, in ya ɗaga nauyinsa sai ya zillo ya koma yadda ya ke. Wannan zillo shi ke taimakon mai tsalle ya tashi sama, shi ke kuma danna bakin allon cikin ƙanƙara ya riƙe. Gwanayen tudu da na indararo shi suka fi so.

Sai dai yana da wani aibi wanda duk mai hawa ya sani. Allo baki biyu gare shi, na wajen yatsu da na wajen diddige, mai gangarowa kuma bisa baki ɗaya ya ke tafiya a kowane lokaci. In ya yi sakaci bakin da ke wajen gangare ya ciji ƙanƙara, allon zai tsaya cik, shi kuwa sai ya ji shi a ƙasa tim, ko da fuska ko da ƙeya. Mai doro ya fi kowane iri saurin yin haka, gama kullum kawunansa a danne su ke.

Na biyu mai cikin kwalekwale ne, tsakiyarsa ce ke taɓa ƙasa, kawunansa a ɗage. Ya yaɗu ne wajen shekarar 2007, sa'ad da kamfanin Lib Tech ya fito da wani allo da ya yi wa laƙabi da ayaba sabo da lanƙwasarsa. Irin wannan ba ya saurin cizon ƙanƙara, yana da sauƙin juyawa, ɗan koyo da mai wasan ƙarfe suna jin daɗinsa. Amma ba shi da zillo sosai, bisa ƙanƙara mai tauri kuma ba ya riƙewa kamar mai doro.

Na uku shimfiɗaɗɗe ne, ba doro ba ciki, halinsa yana tsakanin biyun, yana kuma zama daram bisa akwati da ƙarfe. Na huɗu ruwa biyu ne, wanda aka sa masa doro a wani wuri da ciki a wani wuri. Da yawa daga allunan da ke kasuwa yanzu irinsa ne, amma mai saye ya tambaya ya ji wanne ne ke tsakanin ƙafafu, domin shi ke rinjaye ga halin allon.

TSAWO DA FAƊI

Dā a kan ce a tsai da allo gaban mutum, in ya kai haɓarsa ya yi daidai. Wannan awo bai isa ba, domin allo nauyin mutum ya ke ji, bai san tsawonsa ba. Kowane maƙeri ya kan buga jadawali mai nuna nauyin da ya dace da kowane tsawo, shi ya kamata a duba. Siririn dogo in ya bi tsawonsa zai sayi allon da ya fi ƙarfinsa, gajere mai jiki kuwa zai sayi wanda zai lanƙwashe a ƙarƙashinsa.

Bayan an sami tsawon da ya dace, mai wasan dandali ya kan rage santimita 3 zuwa 5. Dalili kuwa, gajeriyar sanda ta fi doguwa saurin juyawa a hannu, haka gajeren allo ya fi saurin juyawa a sama. Amma kada a zarce, gama gajere ƙwarai ba shi da isasshen wurin sauka, in mutum ya ɗan karkata gaba ko baya ba abin da zai tare shi.

Faɗi kuwa takalmi ke yanke hukuncinsa. Allo ya fi siranta a tsakiya, wurin da a ke kira ƙugu, kuma wannan siranta ce ke sa ya bi lanƙwasa in an karkata shi bisa baki. Abin da a ke so shi ne yatsu da diddige su ɗan leƙo waje da santimita ɗaya ko biyu, don mutum ya sami ikon danna baki. In sun leƙo da yawa za su riƙa kartar ƙanƙara su ɗaga bakin allon, mutum ya faɗi. In kuma allon ya yi faɗi da yawa sai ya yi nawar juyawa daga wannan baki zuwa wancan. Wanda takalminsa ya kai lamba 45 a ma'aunin Turai, ko fiye, galibi sai ya nemi mai faɗi, wanda ƙugunsa ya kai wajen santimita 26. Allunan da a ke yi don mata kuma su kan fi siranta da taushi, sabo da ƙanƙantar ƙafa da ƙarancin nauyi.

ƘASAN ALLO DA BAKINSA

Robar ƙasan allo iri biyu ce. Akwai wadda a ke narkarwa a miƙe ta, akwai kuma wadda a ke niƙawa ta zama gari, a matse da zafi da nauyi har ta haɗe. Matsattsiyar ta fi tsada, ta fi gudu, tana kuma shan kakin da a ke narka mata da dutsen guga don ƙarin santsi, amma in aka bar ta ba kaki sai ta bushe ta rage gudu. Narkakkiyar ba ta kai ta gudu ba, amma ba ta son hidima, in kuma ƙarfe ya yage ta a kan ɗiga mata narkakkiyar roba a cike wurin a kankare, shi ke nan. Mai wasan ƙarfe, wanda kullum allonsa cikin karce ya ke, ba shi da dalilin biyan kuɗin matsattsiya. Mai babban tudu kuwa gudu ba ado ba ne gare shi, gama in bai kai gudun da ya kamata ba zai faɗi kafin ya isa gangaren sauka, bisa fili mai tauri, nan ne kuwa a ke samun rauni a gwiwa da baya.

Bakin ƙarfen ma haka. Masu wasan ƙarfe su kan sa magagari su dakushe shi, don kada ya kama bututu ya jefar da su. Amma allon da aka dakushe ba ya riƙe ƙanƙara mai tauri, ba a kuwa mai da abin da magagari ya ci. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda allonsa ɗaya ne tak, gara ya dakushe kaɗan kusa da kawuna ya bar sauran.

TAKALMI DA TSAYUWA

Waɗanda suka daɗe cikin wasan su kan ce a fara sayen takalmi kafin allo, mu ma haka muka gani. In diddige yana ɗagawa cikin takalmi, umurnin da ƙafa ta bayar ba ya isa ga allo da wuri, kome kyansa. Maɗauran da ke riƙe takalmi, waɗanda su ne kamar likkafa ga mahayi, ya kamata taushinsu ya yi daidai da na allon. A kuma duba ko za su ɗauru, domin galibin alluna ramukan kusa gare su, a kan ɗaure kowace ƙafa da kusa huɗu, amma na kamfanin Burton dogon tsagi gare su mai kusa biyu.

Waɗansu da ƙafar hagu su ke gaba, waɗansu da dama, kowa da yadda jikinsa ya saba. A dandali a kan buɗe ƙafafu kaɗan fiye da faɗin kafaɗa, a karkata yatsun kowace ƙafa waje da digiri 12 ko 15, abin da masu wasa ke kira tsayuwar agwagwa. Amfaninta shi ne, ko ta wane kai aka tafi jiki yana nan daidai.

A KANTI

Bari mu tara abin da muka faɗa cikin misali. A ce samari huɗu ne suka shiga kanti, kowannensu nauyinsa kilo 70, takalminsu kuma lamba ɗaya. Na fari mai wasan ƙarfe ne, zai fita da allo wajen santimita 150, mai taushi, shimfiɗaɗɗe ko mai cikin kwalekwale, mai narkakkiyar roba. Na biyu mai tsallen tudu ne, nasa wajen 154, mai doro, taurinsa tsaka-tsaki. Na uku mai indararo ne, nasa wajen 156, mai doro, mai tauri, mai kaifi, mai matsattsiyar roba. Na huɗu bai taɓa shiga dandali ba. Shi abin da ya dace da shi mai kai biyu ne wajen 152, taushinsa lamba 4, shimfiɗaɗɗe ko ruwa biyu, wanda zai bar shi ya ɗanɗana kowane wasa har ya gane inda zuciyarsa ta karkata.

Na huɗun nan shi ya fi shiga haɗari a kanti, domin shi ne idonsa zai tafi ga zanen da ke bayan allo, ko ga sunan gwanin da aka buga a jiki. Zane ba ya juya allo, sunan gwani kuma shaida ce cewa an ƙera shi don ƙafar da ta shekara goma tana wasa. In da hali, ya yi hayar allo iri biyu ko uku ya gwada tukuna, gama kusan kowane dutsen zamiya yana da kantin haya. In zai saya, ƙarshen hunturu ya fi, sa'ad da 'yan kanti ke karya kuɗin kayan bana don su sami wurin sababbi. In kuma wanda aka yi amfani da shi zai saya, ya bi bakin ƙarfen da yatsa ya ji ko ya tsage, ya duba ko bawon sama ya fara rabuwa da itace, ya duba ko akwai ramin da ya kai har itacen, domin in ruwa ya shiga nan allon ya gama. Ya sani kuma galibin maƙera ba su karɓar allon da ƙarfe ko dutse ya fasa, wannan hasarar mai shi ce.

Kafin kuɗin su ƙare a ware na hular kwano da na abin kare wuyan hannu. Mai koyo in zai faɗi hannu ya ke miƙawa ya tare ƙasa, shi ya sa karayar wuyan hannu ta ke cikin raunukan da suka fi yawa a wannan wasa. A Amurka a kan kafa alama mai siffar ƙwai, ruwan goro, a ƙofar dandali, a kuma rubuta girman kowane tudu da ƙarfe, daga ƙarami zuwa babba. Ƙa'idar wurin ita ce mutum ya fara da ƙarami, ya zaga ya dubi tudu kafin ya haye shi, ya jira wanda ke gabansa ya sauka ya kauce, shi ma in ya faɗi ya tashi daga wurin sauka maza, domin mai tahowa daga sama ba ya ganinsa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ya yi dubu bai fita ba. Wanda ya auna nauyinsa da ƙafarsa da iyawarsa da gaskiya, ya sayi allon da ya dace da su, shi ne zai ƙare hunturu da ƙafafunsa, badi kuma ya nemi wanda ya fi wannan tauri.